Murhun Ɗalibaina Ba Gasar Girki Ya Je Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Baje Kolin Kimiyya da Fasaha na Makarantun Sakandare, Dutse.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali da abokan aiki, ina neman afuwa da na kawo maganar nan bainar jama'a. Ba haka na so ba. Na yi ta zarya a ofishinka har masinja ya haddace launin hijabaina, kullum amsar ɗaya ce, wai Yallaɓai yana mitin. To, tunda mitin ɗin ya ƙi ƙarewa, ga takarda nan, wataƙila wani ya karanta maka ita a cikinsa.

Ni malamar kimiyya ce a wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo a yankin Aujara. Bari in fara da bayanin abin da muka kawo baje kolinku, tunda har aka tashi taro babu wanda ya tambaye mu.

A garinmu itacen girki ya zama abin nema. Ina yarinya, bayan gari kawai muke leƙawa mu ɗaure dami. Yanzu mata sai sun yi tafiyar da ƙafa za ta gaya musu, ɗalibaina kuwa su iso aji a makare, zane duk ƙaya. Karan da ya kamata a ba dabbobi shi ake turawa a wuta, kashin shanun da ya kamata ya koma gona shi ma haka. Ga ƙaiƙayin gero tuli-tuli a masussuka, iska na wasa da shi.

Wata ɗalibata 'yar aji uku, Rabi'atu, ita ta tambaye ni me ya hana a yi girki da ƙaiƙayin. Na ce mata kashe wuta yake yi, sai hayaƙi. Ta ce ai ni na koya musu cewa wuta iska take so, me zai hana a buɗe mata hanya? Daga nan ita da ƙawayenta suka shiga kwaɓa yumɓu. Suka gina murhu mai tsayi kamar turmi, da 'yar ƙofa a gindi. Sai a tsayar da muciya a tsakiya, a zura wata sandar ta ƙofar har su haɗu, a danƙare ƙaiƙayi a kewaye, sannan a zare su. Ramin da suka bari shi ke jan iska, wuta ta yi ta ci a hankali daga ciki. Na farko ya tsage. Na biyu ya turnuƙe mu da hayaƙi har shugabar makaranta ta fito da gudu ba takalmi, ta zaci sito ne ya kama. Rani guda suka kwashe suna rushewa suna sakewa, har yau akwai tabon ƙuna a babban yatsan Rabi'atu. Da ya yi kyau, a cinya suka rungumo shi cikin akori-kura tun daga Aujara har Dutse, an naɗe shi da tsumma kamar jariri.

Yanzu ga ƙorafina, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na farko, maganar rumfa. Kun raba ta maza da ta mata, ni kuma ba ni da ja a kan wannan. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a haka ake yi a kowane taro, kuma da ba a raba ba, da iyaye da yawa ba su bar mini 'ya'yansu sun zo ba. Amma wane mai hikimar ne ya rubuta "Kimiyya da Fasaha" a goshin rumfar maza, ya rubuta "Girki da Ɗinki" a goshin ta mata? Malamin da kuka ajiye a ƙofa ya dube mu, ya ga 'yan mata, ya ga tukwane, ya ga ƙullin wake, shi ke nan ya gama bincike. Na yi masa bayani har maƙogwarona ya bushe. Ya ce, "Malama, murhu ai murhu ne, ku shiga daga ciki kada ku tare hanya."

Na biyu, alƙalai. Na fasaha ba su taka rumfar mata ba, ko bisa kuskure. Waɗanda suka zo mana alƙalan girki ne, kowacce da cokalinta a hannu. Mu kuwa gwaji muka shirya: tukunya biyu, wake awo ɗaya, ruwa awo ɗaya, guda a kan duwatsu uku da itace, guda a kan murhun yara da ƙaiƙayi, don kowa ya gani da idonsa abin da kowace wuta ta ci kafin wake ya nuna. Ba mu sa gishiri ba, ba mu sa mai ba, don ba walima muka zo ba. Rabi'atu ta yi ta bitar bayaninta a mota har ƙawayenta suka gaji da ji. Ta buɗe baki ke nan za ta fara, sai wata Hajiya cikin alƙalan ta ɗebi wake ta kai baki, ta yamutsa fuska ta ce, "Ke yarinya, haka ake dafa wake a gidanku? Ko kanwa babu?" Suka rubuta abin da za su rubuta, suka wuce wajen masu dambu. Mu muka zo na ƙarshe. Ban ga laifin Hajiya ba, aikin da aka ba ta ta yi, kuma gaskiya ta faɗa, waken ba ya ciyuwa. Amma wallahi na ji takaicin da ban taɓa ji ba tun da na fara koyarwa.

Na uku, kyauta. An ba kowace yarinya ludayi, wai don ƙarfafa gwiwa. A can rumfar maza kuwa jirgin sama na kwali ne ya zo na ɗaya, an sa masa batir farfela tana juyawa. Ba na hassada da yaran, sun yi ƙoƙari, Allah Ya yi musu albarka. Tambayata ita ce, da murhun nan yaro namiji ne ya ɗauko shi, da cokali za a tarbe shi? Da muka sauka gidan yayata a unguwar Yalwawa kafin mu kama hanya, matan maƙwabta suka taru a kan murhun. Wannan ta ce buntun shinkafa zai yi? Waccan ta ce in ruwa ya taɓa shi fa? Wata daga Limawa ta ce nawa za a gina mata nata. Duk tambayoyin da na yi tsammanin ji daga alƙalanku, a tsakar gidan yayata aka yi su.

Na huɗu, kuma shi ya fi ci mini rai, jawabinka. Ka tsaya a lasifika ka koka cewa 'yan mata ba sa shiga fannin fasaha, ka ɗora laifin a kan iyayen karkara. Ranka ya daɗe, a lokacin muna bayanka, da ka waiwaya da ka ga wutarmu. Kuma mahaifin Rabi'atu, irin manomin karkarar da kake magana a kai, shi ya riƙa ɗebo mana yumɓu a amalankensa, bai taɓa cewa an ɓata masa lokaci ba. Da muka koma ya tare ni yana murna yana tambayar yadda aka yi.

Ga inda abin ya kai yanzu. Labari ya riga mu isa gari, yara suna kiran Rabi'atu mai wake ba gishiri. Bana take gama ƙaramar sakandare, kuma da an dawo hutu za ta zaɓi ajin da za ta shiga. Tun tana aji ɗaya ba ta da zance sai ajin kimiyya. Makon jiya ta same ni ta ce, "Malama, in dai duk abin da na ƙera girki za a kira shi, gara in je in koyi girkin sosai, ko na huta da dariya." Ƙawayenta kuma ita suke kallo, inda ta sa ƙafa nan za su sa.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A turo alƙalan fasaha su duba murhun nan kafin a dawo hutu, ko su zo Aujara ko mu sake rungumo shi mu kawo. Ba na ɗaya nake nema mata ba. In sun gwada sun ga aibi, su faɗa mata inda yake, yarinya ce mai jin gyara. Sannan a sauke allunan nan, a bar kowace rumfa ta karɓi kowane irin aiki. A ƙarshe, a sa malaman kimiyya mata cikin alƙalai, muna nan da yawa, ba sai an haska fitila an neme mu ba.

Na roƙi Rabi'atu kada ta yanke shawara tukuna. Na ce mata manyanmu na Dutse kuskure suka yi, kuma mutane ne masu gyara kuskurensu in an nuna musu. Ta dube ni ta ce to, za ta jira. Ranka ya daɗe, ban taɓa yi wa yarinyar nan ƙarya ba, kada ka sa wannan ta zama ta farko.

Allah Ya taya ka riƙon amanar da ke wuyanka, Ya ba ka mashawarta masu gaya maka gaskiya, Ya raya maka zuriya, Ya sa naka 'ya'yan su samu mai sauraronsu a duk inda suka je.

Wassalam.

Malama Saudatu,
malamar kimiyya, daga yankin Aujara.