Sirjana Ta Dawo Gida

Zuwa ga Yayana Sukbahadur,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Ubangiji ya sa wasiƙar nan ta same ka lafiya, ya kare ka daga zafin Qatar. Mu nan ƙauye lafiya lau, sai gwiwar Inna da ke damunta. Mun girbe masara.

Yaya, a waya ka ce wani mutum zai zo ya kai autarka Maili gidan yara a Kathmandu don ta yi karatu. Kafin ka amsa masa, ka ji yadda babbar 'yarka ta dawo mana daga irin wannan gida bayan hukuma ta rufe shi.

Sirjana ta yi tsawo, tana karatu da rubutu, wannan kam ka samu. Amma a can an koya mata ta riƙa gaya wa baƙi masu zuwa su tafi cewa iyayenta sun mutu, ta kuma riƙa kiran mai gidan Baba. Yanzu da ta hango Turawa masu hawan dutse, sai ta ruga ta kama hannunsu tana murmushi tana waƙa. Uwarta Phulmaya kuwa, in ta taɓa ta sai yarinyar ta sandare. Kwanaki ta ƙone hannu a murhu, ko uhum ba ta ce ba, ta je bayan garken awaki ta ɓuya. Da na tambaye ta, ta ce a gidansu mai kuka ba a fito da shi gaban baƙi. Gidansu fa ta ce, Yaya.

Yarenmu na Tamang ya ɓace mata, matarka kuma ba ta jin Nepali sosai, don haka ni ce tafinta tsakanin uwa da 'ya. Shekaranjiya ta yarda Phulmaya ta taje mata kai. Baiwar Allah ta zauna tana tajewa cikin murna. Da aka gama, Sirjana ta yi godiya cikin ladabi, ta dubi uwarta ta ce, "Anti, ke yaushe za ki tafi?"

Phulmaya ta matsa mini in faɗa mata abin da aka ce, na faɗa. Ta ajiye matajin ta ce, "Gaya mata ni ba ni da inda zan je." Yarinyar ta gyaɗa kai kawai. Ba ta yarda ba.

Kai ka miƙa ta tana ƙarama, ka hau jirgi, mu muke kallon abin da ya rage. Saboda haka in mutumin nan ya zo, a bakin ƙofa zai same ni. Maili za ta yi makarantar ƙauye, ta kwana a jikin uwarta. In ranka ya ɓaci, ya ɓaci.

Inna da Kawu Lakpa suna gaishe ka. Ka gaida Dorje ɗan Goggo. Na ce wa Sirjana ta gaida babanta, ta tambaye ni wanne.

Ƙanwarka,
Kanchhi