Zabarmanci da kofin koko

Litinin, 7 ga Afrilu

Sakina, matar marigayi ɗana, ta kira daga Yamai. Ta ba jikata Rufaida wayar. Na ce, "Amaryata, kin manta da mijinki?" Na ji numfashinta, sai ta ce wa uwarta wani abu da Zabarmanci, ta mayar da wayar. Shekararta huɗu. Ba Hausa, ba Faransanci. Uban da zai koya mata ya rasu bara a hanyar Doso.

Sakina za ta yi aure bayan damina. Ta faɗa da ladabi, na sa albarka. Daga nan wa zai riƙa tuna wa yarinya tana da kaka a Tasawa?

Na ci tuwon jiya. Ban ji ɗanɗanonsa ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na yanke zan koyi Zabarmanci. Ban san ko so nake ba. Ba ni da wani aikin dai.

Biba, matar ma'aikacin gandun daji da ke haya a maƙwabta, Bazabarma ce. Ita ke kawo mini koko da safe tun da ƙafafuna suka ƙi. Na sa ta zauna ta yi ta faɗa ina rubutawa, na ja layi da ja kamar yadda Mushe, wato malaminmu, ya koya mana a lakwal, makarantar boko. Da ta tafi na yi ta haddacewa har azahar.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ciwon kai. Ban buɗe kaye, littafin rubutun, ba tun Talata.

Juma'a, 2 ga Mayu

Biba ta gaishe ni da harshensu. Na san amsar, tana shafi na farko. Bakina ya ƙi buɗewa. A lakwal ɗinmu wanda ya yi kuskure gaban mutane bulala ce, wanda Hausa ta kuɓuce masa kuma a rataya masa ƙashin jaki a wuya, ya wuni da shi. Shi ya sa muka saba: sai abu ya nuna a takarda kake furta shi.

Na gaya mata haka. Ta yi dariya har koko ya zuba.

"Baba Mushe, takarda za ta amsa maka waya? Daga gobe in ba ka roƙa da Zabarmanci ba, kokona ya koma gida."

Na ɗauka wasa ne.

Asabar, 3 ga Mayu

Ta koma da shi. Na sha ruwa.

Lahadi, 4 ga Mayu

Na roƙa. Ta ce na yi magana kamar mai karanta takardar sammaci, amma ta miƙo kofin.

Talata, 20 ga Mayu

Haka muke. Gaisuwa, roƙon koko, sai sabuwar kalma ɗaya kafin kofi ya huce. Ɗaya tak. Na nemi ƙari ta hana: "Cikin tsoho ba ya ɗaukar biyu." Ta hana ni rubutawa ma, wai in na manta in sake tambaya, ba a biyan tara. Hari, ruwa. Hincin, akuya. Kaayi, kaka.

Ba na jin daɗi, ba na jin rashin daɗi. Safiya dai ta samu abin da ake yi da ita.

Asabar, 7 ga Yuni

Layya. Yara sun kawo nama daga gidaje, ba haƙoran cinsa. Sakina ta kira. Na shirya gaisuwa tun asuba, da aka ba Rufaida wayar sai na ji kaina ina cewa "Bonjour". Ta ajiye.

Uban Rufaida ɗan farina ne, ban taɓa kiran sunansa a bakina ba, yadda aka saba. Yau na rubuta shi a gefen shafi. Kabiru. Na daɗe ina kallo.

Talata, 24 ga Yuni

An mayar da mijin Biba Mayahi. Sun ɗaure kaya a bisa mota. Ta bar mini kofin.

"Ka riƙa yi wa akuyarka Zabarmancin, Baba. Ita ba ta da bulala."

Laraba, 25 ga Yuni

Ba koko. Ban ce komai da kowa ba.

Lahadi, 13 ga Yuli

An yi ruwa, gero ya tsiro bayan katanga. Ɗiyar Oumarou mai kanti ke kawo kokon yanzu, ta ajiye ta tafi. Na lura da na ɗauki kofin bakina ke motsi da kansa. Sai na gaida akuyar, in tambaye ta kwananta, in ce ta zo, ta zauna, ta sha ruwa. Da hantsi in kama labaran Zabarmanci a radiyo. Mafi yawa wucewa yake kamar iska. In na tsinci kalma ɗaya sai in kashe, in riƙe ta zuwa gobe.

Wata rana nakan manta. Kashegari in yi. Ba wanda ke dubawa.

Lahadi, 3 ga Agusta

Oumarou ya kawo wayarsa mai hoto, ya kira Sakina, ya koma kanti. Na ga Rufaida. Goshin ubanta.

Na gaishe ta yadda nake gaida akuya. Ta ɓoye a zanen uwarta, ta leƙo, ta matso har hancinta ya cika gilashin. Ta ce, "Kaayi, ni sinda hinje." Wai ba ni da haƙora.

Sakina ta fara tsawata mata, tana shirin fassara mini. Na riga na ce, "Ay gonda ihinka." Ina da biyu. Na buɗe baki na nuna su.

Ta yi dariya ta faɗi ƙasa, hoto ya koma rufin ɗaki. Ta ɗauko ta yi ta zuba, ban gane komai ba sai akuya. Na sa aka jawo akuyar ta gani.

Ba wani abu ba ne. Zagi ne na jika, kowane kaka yana shan irinsa.

Na ce Oumarou ya nemo mini lambar Biba a Mayahi. Ina bukatar yadda ake cewa amarya, da marowaciya. Na kuma aika a ce wa mai koko ta ƙara sukari.