Buzun da Ya Kwanta a Gidan Likita

Dogon Dutsi, farkon kaka, 1953

Zuwa ga Yayana Mani, a Kore Mairuwa.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya iyali, yaya yankan gero? Ka gaishe da Inna, amma kada ka karanta mata wannan takarda.

Bayan haka, Yaya, ƙaninka ba lafiya. Tun tsakiyar damina bayana ke ciwo ta gefen dama, can ciki inda hannu ba ya kai. Na ɗauka zaman keken ɗinki ne. Wanzami ya yi mini ƙaho, jini ya fita, ciwo ya zauna. Yanzu kullum la'asar sai zazzaɓi, ƙafar dama kuma ta ƙi miƙewa, ina tafiya a duƙe kamar mai neman allura a ƙasa. Gwaggo Zalihatu ta ce doguwa ce ta taɓa ni. Na ba da zakara, doguwa ta ci namanta ta bar ni da ciwona.

Ga abin da ba wanda ya sani sai A'i matata: kumburi ya fito mini a matsematsi, ƙasa da mazagin wando. Ka kuma san wanda ke riƙe da gidan likita tun da likitan Nasara ya koma Dosso. Mahaifin A'i ne. Ni da ban taɓa shan ruwa a gabansa ba, ni da ke canza hanya in na hango hularsa a kasuwa, ni ne zan kwance wando gaban surukina? Wallahi gara a ɗauke ni a makara. Kada ka yi mini wa'azi, na san abin da za ka ce.

Ka sa ni a addu'a.
Ƙaninka, Ɗan'azumi

*

Zuwa ga Yayana Mani.

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Amsarka ta iso, na ji zagin, na gode. Ka ce in hau mota zuwa Dosso. Yaya, ko zuwa bayan gida sai A'i ta riƙe ni, ina zan iya girgizar mota? Na rame har riguna na yi mini yawa. A'i ba ta kuka a gabana, amma ina jin ta a madafa.

Ashe tsohon, mahaifin A'i, ya daɗe da ganewa. Ya hango ni ran kasuwa ina kauce masa da ɗingishi, tafiyar kawai ya duba. Shi ma kunya ta ɗaure masa baki, ba ya iya tambayata. Sai ya kira 'yarsa yana ba ta labari kamar na wani can. Ya ce akwai ciwon da ba cikin ciki yake ba, bayansa yake, bayan tantanin da ya lulluɓe hanji, jikin ƙashin baya. Mugunya ke taruwa a wurin, ta bi tsoka ta gangaro cinya. In ba a tsaga ba, ya ce, tana shiga jini, mai ita kuma ba ya ganin sallar layya. Daga nan ya ƙara da cewa Buzaye na yawan zuwa masa da rawani rufe da fuska, shi kuma bai taɓa tambayar Buzu sunansa ba.

Na gane, Yaya. Da A'i ta gama faɗa na juya fuska bango, na rasa inda zan sa kaina. Dattijo kamarsa ne ke nema mini hanya. Ta riga ta aro baƙin rawani wurin masu kawo gishiri.

In ban tashi ba, ka riƙe mini A'i da amana.
Ƙaninka, Ɗan'azumi

*

Zuwa ga Yayana Mani.

Gaisuwa da godiya ga Allah. Yaya gida, yaya jikin Inna? Yanzu kana iya gaya mata ina raye.

A jaki aka kai ni, ido kaɗai ke waje. Tsohon ya yi mini sannu irin ta baƙo, ya tambayi Buzu labarin raƙuma. Na kwance mazagi da hannuna ina roƙon ƙasa ta tsage. Issa mai taimaka masa ya danne mini kafaɗu. Na yi wa kaina alkawarin ko nishi ba zan yi ba, don kada murya ta tona ni. Da wuƙa ta shiga, Yaya, ban san sanda na kurma ihu ba, na ce Baba. Da muryata sak, wadda duk Dogon Dutsi ya sani a bakin keke.

Issa ya ɗago kai. Tsohon ko gezau, ya gaya masa cewa haka baƙi ke kiransa in sun ji ƙarfe, ya ce ya miƙo tasar tarar mugunya. Mugunyar da ta fita ba zan kwatanta maka ba, kana iya kasancewa kan abinci.

Na daɗe kwance can. Kullum da safe ya wanke ramin ya yi mini allura, ni da rawanina, ga zafi, ga gumi, ban sauke ba ko sau ɗaya. Shi ma bai taɓa duban idona ba.

Bayan na dawo gida A'i ta gaya mini abin da ta ji wurin uwarta. Ranar tsagar, tsohon bai ci tuwo ba. Ya ce tun da ya fara aikin nan hannunsa bai taɓa rawa ba, sai yau da wani Buzu ya kira shi Baba. Har yanzu in na tuna kunya kamar ta kashe ni, amma ba na fatan a ce ban faɗa ba.

Jiya na hango hularsa a kasuwa. Na canza hanya kamar kullum. Sai dai a miƙe na yi, kuma a hankali, don ya ga ƙafar.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Ɗan'azumi