Gashin da Ka Binne a Bayan Tashar Malumfashi

Zuwa ga Yaya Mamman Wanzam,

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi. Ni ne Tanko. Ka san ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini ko kalma.

Ƙara na kawo maka, Yaya, a kan jikanka Bashir. Wani kamfanin tankokin mai zai ɗauke shi tuƙi, sai suka ce a fara yankar ɗan gashin kansa a kai awo. Wai duk ƙwayar da mutum ya haɗiya tana zama cikin gashi wata da watanni, ko fitsari ya manta, gashi ba ya mantawa. Ana gobe za a yanka, sai ga yaro ya shigo da kai tal kamar ƙwarya. Uwarsa, 'yarka Rabi, ita ke tsaya masa. Wai nan gidan wanzamai ne, ba a ba baƙo gashi kada a yi wa mutum sammu. Wai haka ubanta ya koyar.

Sunanka suka ɗauko suka lulluɓe abin da suke ɓoyewa. Shi ya hana ni cin tuwo.

Gaskiya ne, haka ka koyar. Ina ganin ka a gindin durumin tashar Malumfashi, shekarun bayan an canza hannun tuƙi, lokacin da kakar auduga ke cika hanyar Funtua da manyan motoci. In ka gama aski sai ka tattara gashin a tafin hannu, ka zaga baya ka tona ka binne. Kakan ce, "Gashin mutum amana ne a hannuna."

Ina kuma ganin Sale direba, wanda 'yan tasha ke kira Ba-Barci. Yakan watsa ƙwayoyin hana barci a baki ya kora da shayi, ya yi ta sawu kan sawu tsakanin kasuwannin auduga da gidan gurza. Mai shayi ya sani. Sarkin tasha ya sani. Ido jawur, ana yi masa kirari wai namijin duniya.

Ran nan da hantsi ka aske shi. Ina zaune ina jira a zo kaina, na ga sai da ka danne masa kai don ya kasa tsayawa wuri guda. Ka binne gashin, ka wanke aska, ka hau bayan motarsa bisa buhunan auduga, za ka Funtua yi wa jaririn abokinka Malam Bulus aski. Ka ce in jira, kai za ka aske ni gobe.

Ba ku kai Bakori ba. Rana tsaka, hanya miƙe, ba rami ba saniya, mota ta bar titi. Shi Sale ya fito da 'yar ƙujewa. Kai da sauran fasinjojin da ke baya, a tabarma aka kawo ku.

Na je wajen sarkin tasha, na je wajen 'yan sanda, na kai har gaban alƙali. Kowa sai ya ce ina shaida. Mai shayi ya ce shi shayi kawai yake sayarwa. Sale ya rantse sitiyari ne ya tsinke. Dattawa suka ce ƙaddara ce, in yi haƙuri. Ban musa ƙaddara ba, Yaya, amma ba ƙaddara ce ta buɗe masa baki ta zuba ƙwaya ba. Kafin kakar ta ƙare ya koma kan hanya. Har ya mutu ban amsa sallamarsa ba. Su ce mini mai riƙo, sun daɗe suna faɗa.

Sai yanzu da tsufana ake gaya mini ashe akwai shaida. A tafin hannunka take, ka binne ta da ladabi. Da akwai wannan awon a lokacin, da farce zan tone bayan tashar nan.

To ga abin da na yi. Na bi masu askin unguwa, na ce duk wanda ya ɗora wa Bashir aska ko inji, ni da shi. Na ce wa yaron gashi zai fito, ya kai musu da ƙafarsa. In awo ya wanke shi, zan roƙi gafararsa a gaban uwarsa. In ya sake askewa, zan dogara sandata har kamfanin in ce kada su ba shi makulli. Rabi ta daina gaishe ni. Ta daina mana. Gara fushinta da a kai wa wani wansa a tabarma.

Kamanninka ya ɗauko, Yaya, har kunnuwan. Ban san me awo zai ce ba, kuma ina tsoron sani. Kullum da safe in ya durƙusa gaishe ni nakan shafa kansa, shi yana zaton albarka nake sa masa. Ina sa masa ɗin. Amma tsawon gashin nake ji.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya gafarta maka da waɗanda kuka tafi tare. Allah Ya sa kan yaron nan ya fito da tsabta, Ya tsare waɗanda zai tarar a hanya. Amin.

Ƙanenka da ka ce ya jira,
Tanko