Goyon da Ba Ki Yi Ba

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake nema da tsakar rana, raɓar safiyata, Sajan ɗin da ta yi kwana tara ba ta ɗaga wayata,

Gaisuwa mai yawa, da ban haƙuri wanda ya fi gaisuwar yawa.

Na yi niyyar buɗe wannan takarda da cewa ke ce farin wata a tsakiyar taurari. Amma tun ranar da aka kama ni da ƙarin gishiri a gaban mutum dubu, na yi alkawarin ba zan sake rubuta jimlar da ban bincika ba. To, na bincika. Wata ba shi da hasken kansa, aro yake yi, ke kuwa ko almakashi ba kya aro. Na gwada fure, sai na ga yana yaushi kafin la'asar, alhali na gan ki awa goma sha huɗu a tsaye cikin takalmin soja. Na gwada barewa, sai na tuna gudu take yi idan ta ji ƙara, ke kuma wajen ƙarar kike nufa. Abin da ya rage mini shi ne ruwan farko na damina: a yi ta ɗokinsa, a yi ta addu'arsa, in ya tashi zuwa kuma ya yaye wa mutum rufin ɗaki. Wannan kam na tabbatar da shi daga majiya biyu, ni da ƙanwarki.

Kin tuna haɗuwarmu? Ni ba ni da damar mantawa, cinyata tana tuna mini duk lokacin sanyi. Shekara biyu ke nan. Na bi ayarin motoci don in ɗauko wa mujallar rundunar labari, sai labarin ya ɗauke ni. Ina kwance a gefen hanya, ƙarfe a cinya, ina ta yi wa duniya wasiyya, sai ga ki kin durƙusa a kaina. Ba ki tambayi sunana ba. Kika tsaga sabon wandona tun daga ƙafa har ƙugu, kika ɗaure cinyar tamau don jini ya tsaya, kika duba agogo, kika rubuta mini lokacin a goshi da baƙin alƙalami, yadda kuke yi don likita ya san tun yaushe aka ɗaure. Biyu da minti arba'in. Wayyo, wane mai zane ne ya taɓa sa hannu a aikinsa da irin wannan natsuwa? Sannan kika rataya mini kati mai launin rawaya a maɓallin riga. Na ce, "Malama, mene ne ma'anar rawaya?" Kika ce, "Zai iya jira." Na ce mutuwa nake yi. Kika ce, "Mai mutuwa ba ya surutu haka," kika wuce wajen wanda aka rataya wa jan kati, wanda ba zai iya jira ba.

Tun daga ranar nake jira, ya ke ƙoramar da ba ta tsayawa a gaishe ta. Na jira ki a ƙofar bariki, na jira ki a bencin asibiti, na jira wata takwas kafin ki daina kira na "mai cinyar nan". Ban taɓa ƙorafi ba. Katin ya faɗi gaskiya.

Yanzu sai laifina. Zan jera shi yadda ya faru, tunda ba ki tsaya kin ji ba.

Da aka ce bana za a karrama sashen kwashe majinyata, Kanar ya kira ni ofis, ya ce in rubuta takardar yabon da za a karanta a fareti. Ya ce, "Edita, ka samo mana gwarzo ɗaya. Hoto ba ya ɗaukar mutum huɗu." Na je na ciro rahotonki na ranar da ruwa ya cinye gada. Layi biyar ne da rubutun hannunki. Soja ya faɗo daga kan mota, ƙashin bayansa ya tsage. Motar asibiti ba ta iya ƙetarewa. Ku huɗu, ke da Dogo da Kofur Shiru da direbanku Ba-Birki, kuka kwantar da shi a kan allo, kuka tallafe wuyansa, kuka ɗaure shi yadda ko gashin kansa ba zai motsa ba. Kuka yi kilomita uku a ƙafa cikin laka, kina ƙirga taku da ƙarfi don kada wani ya riga wani, kuna canjin hannu kowane taku ɗari biyu. Awa huɗu. Layin ƙarshe ya ce, "An miƙa shi yana motsa yatsun ƙafa."

Na karanta, na ce wannan ai ba miya a ciki. Shekara goma sha biyu ina aikin jarida, an koya mini cewa mai karatu yana son fuska ɗaya da hawaye ɗaya. Sai na kori mutum uku da alƙalami, na jefar da allon, na rubuta cewa kin goya shi a bayanki kamar uwa da ɗanta, kin ratsa daji ke kaɗai, harsasai na zuba kamar ƙanƙara. Harsasai! A ranar da babu abin da ya harbe ku sai sauro. Na karanta jimlar sau uku, har ni kaina na ji ƙwalla. Ban san cewa a sana'arku na rubuta kin aikata abin da ake korar ɗalibi a kansa tun makon farko ba.

Ranar fareti kuwa, kin ga gaba, ni na ga baya, bari in cika miki. An wanke jirgin nan mai saukar ungulu, wanda kuka kira sau shida ranar gada aka ce yana gyara, aka ajiye shi a tsakiyar fili yana ƙyalli. An ara wa motarku sababbin tayoyi huɗu, da sharaɗin a mayar da su kafin magariba. Janar ya makara awa biyu, aka tashi tsaye aka yi masa tafi saboda ya iso. Aka fara da lambar yabo ta mai kula da sito, mutumin da ya fi kowa iya kare bandeji daga hannun masu rauni. Aka bi da shugaban kwamitin shirya bikin, saboda ya shirya bikin. Dogo da Kofur Shiru da Ba-Birki suna can bayan igiya cikin rana, a bakin aiki, ko da wani zai sume. Wani ya sume kuwa, mai buga babbar ganga, a minti na hamsin na jawabin maraba, suka ɗauke shi tsaf ba tare da an tafa musu ba.

Sannan aka kira ki. Kika fito kina taku, guga ta kama kakin, rana ta kama fuskar, na ce a raina yau ƙasa za ta san abin da na sani. Mai lasifika ya gyara murya ya shiga jimlata. Da ya kai kan "ta goya shi a bayanta", sai na ga layin likitoci ya motsa kamar iska ta bi ta kan gero. Tsohon likitan fiɗa ya rufe fuska da takardar jadawali. Matar da ta koyar da ke ta buɗe baki ta manta ba ta rufe ba. Sojan da kuka ɗauko, wanda aka zaunar a gaba da sandarsa don a yi hoto, ya ce da ƙarfi, "Goyo kuma? Da goya ni ta yi, ai da a keke kuka turo ni nan!" Janar bai ji ba. Yana share ido da hankici.

Ke kuma kika waiwayo kika nemo ni cikin taro, kika dube ni. Ya ke mai idon da ke auna jini daga nesa, na sha kallo a duniya, amma ranar na ji an canja mini kati zuwa baƙi, na wanda aka fid da rai da shi.

Na san abin da ya biyo baya. Na san sun ɗaura majanyi a ƙofar motarku. Na san har mai shara yana kiran ki Inna Mai Goyo. Wannan da sauƙi, bariki ba ya rayuwa sai da abin dariya. Wanda ya hana ni cin abinci shi ne abin da ƙanwarki ta gaya mini: wai sababbin ɗalibai sun tambayi malamarsu ko yanzu an halatta goyo, tunda an ba da lamba a kansa. Wata rana wani zai faɗo daga mota, wani mai son lamba ya sungume shi a baya, mutum ya rasa ƙafafunsa saboda jimlata ta yi daɗi a kunne.

Akwai kuma abin da kika faɗa mini a bakin ƙofa, wanda na musa, kuma ƙarya na yi. Kin ce da gangan na yi, don na san duk wanda ya ci wannan lamba ana ɗauke shi daga mota a ba shi tebur a hedikwata, ya riƙa murmushi a jikin fosta. Na sani. Wallahi na sani tun kafin in ɗora alƙalami. Shekara biyu duk jiniyar da ta wuce sai in fita in bi ta da kallo, duk lambar da ban sani ba ta kira ni sai in ɗauka mummunan labarinki ne. Na so in ajiye ki inda babu abin da zai same ki sai sanyin fanka. Na ɗauke ki ba da izininki ba, ba allo, ba ƙirga taku, na nufi inda ni nake so da ke. In akwai wanda ya yi goyo a wannan labari, ni ne. Shi ya sa da kika soke zuwan Kawu neman aurenki, kika ce, "Ka gaya wa kawunka kada ya ɓata man takalminsa ranar Asabar, Baba ba ya nan," na juya na tafi, ko da yake ina hango Baba ta taga yana shan shayi.

Ga abin da na yi. A sana'armu, gyaran kuskure yana da mazauninsa: shafi na talatin da ɗaya, can ƙasa, da ƙananan haruffan da sai mai tabarau biyu. Ni na sa nawa a shafin farko, na kai maɗaba'a da kaina ranar Talata kafin Kanar ya dawo daga taro. Ga shi kamar yadda ya fito:

"Gyara. Sajan ba ta goya kowa ba. Mai raunin baya ba a goya shi, ba a naɗe shi, ba a zaunar da shi. Mutum huɗu ne suka ɗauke shi a kan allo, awa huɗu, kuma shi ya sa yake tafiya a yau. Babu harsashi ko ɗaya. Editan wannan mujalla ne ya ƙirƙiri sauran, kuma ya san yana ƙirƙira."

A ƙasa na jera sunayenku huɗu cikakku, da hoton da Kanar ya ce ba ya ɗaukar mutum huɗu. Ya ɗauka. Kan Dogo ne kawai ya ɗan guntule.

Kanar ya yi mini jawabin da ya fi na maraba gajarta, ya kuma fi shi ma'ana. An tsayar da buga fosta. An sauke ni daga kujerar edita, yanzu ni ke rubuta sanarwar masu ritaya da allunan "Kada a taka ciyawa", aikin da babu wurin zuba gishiri a cikinsa. Lambarki ba za su karɓe ba, domin karɓewa sai an kafa kwamiti. Sauran ukun an ce za a duba lamarinsu baɗi. Ba-Birki ya ce a riƙe lambar a bar masa tayoyin. Takardar canja ki zuwa hedikwata kuwa an janye ta jiya. Manjon da ya sa hannu ya ce ba su da abin da za su yi da gwarzuwar da ba ta yi komai ba sai bin ƙa'ida.

Saboda haka ranar Litinin za ki koma motarki, da tsofaffin tayoyinta, da hanyar da nake tsoro. Ni na mayar da ke can da hannuna, ya ke ruwan da ya yaye mini rufi, kuma zan ci gaba da firgita da kowace jiniya har tsufa, in kin yarda in yi firgitar a matsayin mijinki. Ba zan ce zan daina tsoro ba, don ban bincika ba. Abin da na bincika shi ne ba zan ƙara taɓa labarinki ba, ko waƙafi.

A cikin ambulan ɗin nan akwai katin rawaya. Shi ne dai, da ɗigon jinina a gefe. Bayansa babu rubutu. Ba na roƙon ki ce kin yafe, na san ba ki da lokacin dogon bayani a bakin aiki. Ki yi abin da kika saba: ki duba agogo, ki rubuta lokaci, ki ba ƙanwarki ta kawo. Duk lokacin da na gani, shi ne lokacin da Kawu zai yi sallama a ƙofar Baba ranar Asabar. Ya riga ya goge takalmin, na kasa hana shi.

In kuwa katin ya dawo babu komai, zan mayar da shi maɓallin riga. Na san ma'anarsa. Ke kika gaya mini.

Naki a yau, da Asabar, da duk Asabar ɗin da za ta biyo baya, ba ƙari ba ragi,

Mai cinyar nan