Murya a Bayan Amawali

Arlit, watan Maris 1993

Zuwa ga matata Salomi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Marie da Inna da sauran mutanen gida a Maraɗi. Yaya tarin Inna, ya yi sauƙi? Ni lafiyata lau, ban da kewarku.

Takardarki ta iso ta hannun direba, na karanta faɗan da kika yi mini har wurin da kika danne alƙalamin bik ya huda takarda. Kin ce kamfani ya sallame ni, ya karɓe gidan site, unguwar ma'aikata, me ya zaunar da ni a garin da ko ciyawa ba ta yarda ta fito ba. Gaskiyarki. Amma tsaya ki ji.

Kin san Ghissa, abokin aikina na ƙarƙashin ƙasa a mahaƙar ma'adinai, mijin Mairamu. Ranar da aka fito mini da kaya waje, shi ya zo da jaki ya kwashe su, ya ba ni rumfa a gidansa a Bukoki, unguwar bukkoki ta bayan gari. To, ciwon maƙogwaron nan nasa ya ci ƙarfinsa. Murya ta tafi, sai raɗa, sai ka kafa kunne a bakinsa. Kuma bakin ma ba a ganinsa. Fari ya ƙare dabbobin surukarsa, ta taso daga Dannet ta tare a gidan, kuma tun ranar da ta shigo bai sauke amawali daga bakinsa ba, don kunyar suruka irin ta al'adarsu. Na ce masa mara lafiya ba ya kunya. Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe wando a kasuwa.

Sai na tuna da ampilina, na'urar ƙara sautin nan da na haɗa, wanda kike ce wa murhu, kike shanya tsummokin Marie a kansa. Na maƙala ƙaramin mikiro a cikin amawalin, na rataye oparlar, wato lasifikar, a ginshiƙin rumfa. Salomi, da kin ga Mairamu ranar da tana madafa ta ji ya kira sunanta. Cokali ya faɗi daga hannunta, ta tsaya tana dube-dube.

Matsalar ita ce cin wuta. Ampilin irin wanda ake ce wa kilas A ne. Manyan tiranzisto biyu ne a cikinsa, ba sa hutawa; ko ana magana ko an yi shiru, wutar da suke sha ɗaya ce, shi ya sa yake zafi haka. Da wannan ne yake kama raɗa tsaf. Lokacin da na haɗa shi muna site, wa yake tunanin kuran, wutar lantarki? Fitila ma da rana tsaka muke barinta a kunne. A Bukoki kuwa babu ko waya ɗaya. Nuhu mai garaji ya ara mini batirin kamiyo, babbar motar kaya, kullum da safe in tura shi a amalanke zuwa gari a cika, kafin wata safiyar murhunki ya shanye.

Za ki ce wani ya tura mana. A nan gizo ba ya saƙa komai, magana ce a fili: akwai shingen jandarma tsakanin Bukoki da gari, kuma duk mai rawani da aka gani da batiri sai a ce 'yan tawaye zai kai wa cikin duwatsu. Ni da Hausata ta Maraɗi da tsohon katin kamfani nake wucewa. Ranar da na tafi, ranar Ghissa ya zama bebe.

Shi kuma ɗansa yake jira, Amumun, wanda ya tafi da ragowar raƙuma can bayan Dannet. Yana da maganar da zai gaya masa. Na ce mu ɗauke ta a kaset mu ajiye, ya ƙi, ya ce ba a zuba maganar uba da ɗa a cikin roba. Don haka na sa wa raina in rage wa ampilin ci, har batiri ɗaya ya kai su kwanaki masu yawa, yadda Nuhu zai riƙa leƙowa jefi-jefi ya canza. Ina gamawa zan hau konbuwa, ayarin motocin da soja ke rakawa Agadas.

Ki sumbaci Marie. Ki gaida Fasto da mutanen majami'a, ki ce su sa mu a addu'a.

Mijinki,
Moïse


Arlit, watan Afrilu

Salomi tawa,

Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Yaya zafi a wurinku? Namu ba a magana. Na ji Marie ta fara tafiya, na yi murna, daga baya kuma na koma bayan rumfa na zauna ni kaɗai, don ban gani ba.

Konbuwar da na ce miki ta tashi ban hau ba. Kada ki fara, na riga na yi wa kaina faɗan.

Ga inda aiki ya tsaya. Ampilin ɓangare biyu ne, na dama da na hagu, na cire ɗaya gaba ɗaya tunda oparlar ɗaya muke amfani da ita. Ci ya ragu da rabi, na ce madalla. Sai na canza rezistans ɗin da ke ƙayyade wutar da tiranzisto ke sha in ana shiru. Na rage kaɗan, lafiya lau. Na ƙara ragewa, sai muryar Ghissa ta fara kakkaryewa, farkon kalma ya ɓace, ƙarshe ya fito da ƙarar tsakuwa. In ni na yi magana da ƙarfi sai ta fito garau, raɗa ce ba ta iya tada tiranziston daga barci. To ni ina ruwana da mai ƙarfin murya? Dole na mayar da shi sama. Yanzu batiri yana kai kwana biyu da ƙyar.

Na gwada ƙaramar rediyon Mairamu a madadinsa, shuuu ɗinta ta fi muryar mutumin ƙarfi, kuma pil, ƙananan batiran rediyo, ya ɓace a kasuwa. Da ina da kayan aiki da na sake ginin ampilin tun daga tushe, amma shagon da ke sayar da su a Akokan ya rufe, mai shi ya koma Damagaram. Ƙarfen dalma ma a garwashin shayin Ghissa nake ɗora shi.

Kuran na gari kuma ya zama na ganin dama. Wani lokaci in tura amalanke har garaji, Nuhu ya ce wutar da ake jawowa daga Cirozerin ba ta zo ba, in zauna a kan tsohuwar taya har la'asar. A shinge an kawo sababbi waɗanda ba su san ni ba. Shekaranjiya wani ya sa ni na tsaya a rana yana jujjuya katina, yana tambaya me ya haɗa Kirista ɗan Maraɗi da Bukoki.

Zan gaya miki abin da ba zan gaya wa kowa ba. Na gaji. Akwai ranar da nake turo batirin nan ina jin haushin Ghissa, da amawalinsa, da surukarsa, da ɗan da ya ƙi zuwa. Sai in shigo gida in tarar ya sa an ajiye mini kofin shayi na farko, wanda shi ba ya iya haɗiyewa. In sha ina jin kunya. Garin nan ya zame mini ɗaki mara ƙofa, gaba hanya a rufe, baya mutumin da ba zan iya duban idonsa in ce na tafi ba.

An aika wa Amumun ta bakin masu kawo gawayi. Ko saƙon ya same shi, Allah ne masani.

Ki gaida Inna, ki ce ina nan tafe. Ki yi haƙuri da ni.

Naki,
Moïse


Arlit, watan Mayu

Uwar Marie,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk gida. Yau da farin ciki nake rubutu, ki share ɗaki.

Na samo dabarar, kuma don sauƙinta har na ji haushin kaina. Tunda a shiru ne wutar take tafiya a banza, kuma Ghissa yini guda bai fi ya yi magana kaɗan ba, me zai sa manyan tiranziston su kwana a tsaye? Na ciro maɓallin oda daga wata matacciyar mota a garajin Nuhu, na ja waya har shimfiɗarsa. In ya danna, wuta ta shiga, ya yi maganarsa. In ya saki, komai ya mutu. Da farko oparlar tana yin gum duk lokacin da aka danna, har tsohuwa ta zabura, sai na bar ƙaramin ɓangaren gaba a kunne, shi cinsa bai taka kara ya karya ba. Yanzu murhunki sanyi ƙalau, ko ƙuda yana sauka a kansa.

Na sa maɓallin ƙarƙashin hannunsa na dama, ya danna, abin da ya fara cewa shi ne shayin da nake dafawa bai da maraba da ruwan wanki. Muka yi dariya har tari ya kama shi. Yau kusan mako batiri bai nuna ya san ana amfani da shi ba. Nuhu ya yarda zai riƙa zuwa da motarsa lokaci-lokaci ya canza, kuma ya samo mini wuri a kamiyon ƙaninsa a konbuwa mai zuwa.

Mairamu ce kawai ba ta yi murna yadda na zata ba. Ta ce gidan ya yi mata shiru. Wai da can tana daka tana jin numfashinsa a oparlar, ta san yana nan. Na ce mata numfashin nan ne yake cinye batirin, kuma duk abin da yake so ai zai danna. Ta ci gaba da tankaɗe.

Jikinsa dai sai a hankali, ya rame ƙwarai, kunu ma da ƙyar. Amma masu gawayi sun ce sun ga Amumun, yana hanya. In Allah ya so zan ga haɗuwarsu kafin in tashi, in zo miki da labari mai daɗi.

Ki gaya wa Marie babanta mai gemu ne yanzu, kada ta gudu.

Mijinki mai kewarki,
Moïse


Arlit, ƙarshen Mayu

Salomi,

Ina gaishe ki, ina fata kuna lafiya. Ghissa ya rasu ranar Talata, an kai shi.

Amumun ya iso ran Litinin da hantsi, a ƙafa, ya zagayo ta bayan gari. Ni ina garaji ina ɗaure kayana a kan kamiyo. Abin da ya faru ba ni nan, Mairamu ce ta gaya mini. Ya gaida mahaifinsa, ya zauna wajen ƙafafunsa ya sunkuyar da kai. Su ɗa ba ya kafa wa uba ido, kuma ba ya riga shi magana. Matan suka fita suka ba su wuri. Suka yi ta zama, oparlar ba ta ce uffan ba. Amumun ya ɗauka tsohon yana tattara ƙarfi ne, Mairamu daga waje ta ɗauka barci ya kwashe shi.

Da azahar na dawo, na leƙa in yi wa baƙo barka da zuwa. Idona ya sauka a hannun Ghissa. Yatsansa yana kan maɓallin, yana ta ƙoƙari, bai iya kai shi ƙasa ba. Maɓallin oda ne, Salomi, an yi shi don hannun direba, ni kuma da na gwada shi da hannun mutumin mako biyu da suka wuce na gwada. Na duba amawalin, ya jiƙe, yana motsi kaɗan-kaɗan. Na faɗa kan shimfiɗar na danna masa.

Muryar ta fito tsaf. Ashe tun ɗazu magana yake yi. Ko zazzaɓi ne ya toshe masa kunne bai gane ba ta fita ba, ban sani ba. Abin da muka samu wutsiyar maganar ce. Da ɗan harshensu na Tamajak da nake ji na gane yana cewa shi ke nan abin da ya riƙe masa, ya sauke. Sai ya tambayi ɗansa ko ya ji.

Amumun ya ɗago ya dube ni, ya dubi mahaifinsa. Na buɗe baki zan ce a sake, ya ɗaga mini hannu. Ya ce ya ji, duka ya ji, zai kuma yi yadda aka ce. Ghissa ya lumshe ido, ya janye yatsansa. Nan take na yanke wayar maɓallin na haɗa ta kai tsaye, ampilin ya yi ta zafi har washegari, muna zaune muna jin numfashi. Bai ƙara cewa komai ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta Amumun ya same ni a rumfa. Bai zarge ni ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya daɗe yana duban ampilin, sannan ya tambaye ni a hankali ko irin wannan na'ura tana riƙe abin da aka faɗa mata, ko da kaɗan ne, a cikin wayoyin. Na ce masa a'a.

Konbuwa ba ta tashi ba, an ce an taɓa hanya wajen Agadas, babu ranar buɗewa. Na sauko da kayana daga kamiyo. Kada ki je tasha.

Jiya na mayar wa Nuhu batirinsa. Ya sa abin awo ya duba, ya ce duk kwanakin nan ko rabi bai sauka ba. Ya dafa kafaɗata ya ce aikina ya yi kyau.

Ki yi mini addu'a, ni na kasa.

Moïse