Sunan da Babu a Jerin 'Yan Gudu

14 ga Oktoba

Yaya Verna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Harold. Yaya ƙafar tasa? Ki ce na ce ya rage taurin kai, ya bi maganar likita.

Kin tambayi abin da nake yi a laburare tun da na ajiye aiki. Talata da Alhamis nake zama a teburin tambayoyi, aikin sa kai, ko kofi ba a ba ni. Abin da na fi so shi ne kwandon wasiƙun gidan yari. Fursunoni ba su da intanet, sai su rubuto tambaya, mu nemo amsa mu aika. Ranar farko Madam Brandvold, shugabar sashen, ta kafa mini doka: "Ardis, abin da aka tambaya kawai. Babu sunanki, babu gaisuwa, babu labarin wani mutum. Na san bakinki."

Akwai wani Wendell Haskins. Shekara uku ke nan, duk kaka sai ya nemi sakamakon gudun dogon zango na 'yan matan sakandaren garinmu, yadda jarida ta buga. Bara ya kasa daurewa, ya rubuta a ƙasa: "Ta huɗun nan, Joelle, 'yata ce. Kotu ta hana ni rubuta mata." Bana na aika masa jerin, sai da na liƙe ambulan na tuna ban ga sunanta ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Taki ƙanwa,
Ardis

9 ga Nuwamba

Yaya Verna,

Ina gaishe ku. Na ji daɗi da Harold ya fara takawa. Ni kam jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya.

Wendell ya rubuto: "Kamar kun manta shafi ɗaya. Ko ta koma iyo ne? A duba mini." Kin san ni, ban iya barin tambaya a rabi ba. Na bi jaridun bana ɗaya bayan ɗaya, na same ta a ta watan Yuni, shafin rasuwa. Hatsarin mota, shekararta sha bakwai. An jera dangi kaf, an sa mijin uwarta a matsayin uba. Wata biyar, Yaya, babu wanda ya gaya wa mutumin nan.

Na kai wa Madam wasiƙarsa da sanarwar rasuwar. Ta ce, "Iyo ya tambaya, iyo za ki aika."

Na ce, "Yarinyar ta mutu fa!"

Ta ce, "Na sani, ai na je jana'izar. Mu karya doka sau ɗaya, gidan yari ya rufe mana ƙofa, mutum ɗari biyu su rasa mai amsa musu. Ke za ki yi musu bayani?"

Ba muguwa ba ce, idonta ya yi ja. Amma na tsane ta ranar. Da ta fita cin abinci na yi fotokwafin sanarwar, na sa a ambulan ɗin laburare. Sai na tuna Mama, da ba ta taɓa aika labarin mutuwa tsurarsa ba. Na tsallaka kanti na sayo katin ta'aziyya mai farin fure, na rubuta layi biyu, na sa sunana. Ko me zai faru, ya faru.

Taki,
Ardis

20 ga Janairu

Yaya Verna,

Da fatan kun shiga sabuwar shekara lafiya. Ki yafe mini shirun.

Ambulan ɗin ya dawo da jan hatimi: ba a karɓar kati. Takarda mai kauri ce, wai ana ɓoye ƙwaya a ciki. Da sanarwar kaɗai na aika, da ta isa hannunsa. Katina ne ya dawo da ita, kuma a teburin Madam ta sauka.

Ba ta yi faɗa ba. Ta cire ni daga kwandon, ta sa na yi alkawarin ba zan rubuta masa daga gida ba, don gidan yarin ya riga ya aiko da gargaɗi. Na yi alkawarin. Ina jin kunyar kaina, amma mutum ɗari biyun nan na tuna.

Wani Dale, tsohon malamin lissafi, shi ya gaji kwandon, shi ya aika jerin 'yan iyo. Jiya ya zo teburina da wasiƙa yana murmushi: "Ardis, ke ce gwanar tono. Wannan bawan Allah ya haɗa ni da aiki."

Na gane rubutun tun daga nesa. Wendell ya ce babu ta a iyo ma, to wataƙila ta gama makaranta da wuri, dama kanta yana ja. A taimaka a aiko masa da sunayen 'yan gudun jami'o'in jihar nan duka, in babu a gwada jihohin maƙwabta. Ya ce kada mu takura kanmu, ba ya sauri, saura masa shekara tara.

Dale ya ce, "A ina ake samun wannan?"

Na tashi na nuna masa, Yaya. Har na taya shi ninke takardun.

Ƙanwarki,
Ardis